Babban Turbo da Tsohuwar Ƙwaƙwalwa: Darasin da Na Koya a Hanyar Mokwa

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau shi ne, a makon jiya muna zaune da yamma a bakin wata rumfa a Agege, sai ga wani ƙanenmu ɗan canji ya faka motarsa yana fara'a, ya ce mu taya shi murna, ya samo babban turbo a kasuwar Ladipo, gobe za a ɗaura masa. Na ce da shi, "Madalla. To ƙwaƙwalwar fa, me ka shirya mata?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Yaya, wace ƙwaƙwalwa kuma? Ai birenbos ɗina lafiya lau yake, ko fitila ba ya kunnawa." Na yi shiru, domin kuwa wannan ita ce sak amsar da na taɓa bai wa wani dattijo shekarun baya, kuma na biya kuɗinta a tsakanin Jebba da Mokwa, da iyalina a cikin mota. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yadda abin ya faru da ni

Motata a lokacin Volkswagen Passat ce ƙirar 2003, tokumbo daga Amurka, mai injin 1.8 da turbo, ƙarfin doki 170, giyar hannu. Ɗan turbon da kamfani ya sa mata, wanda ake kira K03, ya tsufa ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da na je neman wani, mai kaya ya ce da ni, "Alhaji, me za ka yi da ƙarami? Ga K04 nan, zama ɗaya yake yi a gurbin, dangin wanda ke kan Audi TT mai doki 225 ne." Ban yi dogon tunani ba na biya.

An ɗaura, amma ban ga abin da ya ƙaru ba. Hasali ma in na taka totur sosai sai motar ta yunƙura, sannan ta yi laƙwas kamar an dabaibaye ta, ba ta dawowa daidai sai na kashe na sake tayarwa. Makanike ya ce ƙwaƙwalwar ce ke da taurin kai. Ya cire ɗan bawul ɗin da take sarrafa turbo da shi, ya maye gurbinsa da wani ɗan famfo da ake murɗawa da hannu, sannan ya kira riwaya ya liƙa wani ƙanƙanin abu a wayar sensar matsin iska, don kada ƙwaƙwalwar ta ga gaskiyar abin da ke shiga inji. Daga ranar mota ta zama tsuntsuwa. Wani dattijo direban tirela a unguwarmu da ya ji yadda take huci ya ce, "Ɗana, ka dai sanar da ƙwaƙwalwa ko?" Na ba shi waccan amsa, ya girgiza kai ya wuce.

Da Babbar Sallah ta zo muka kama hanyar gida Kano, ni da maiɗakina da yara uku, but cike da tsaraba. Mun sha mai a bayan Ilorin, muka haye gadar Jebba rana na tsaka. Sai muka tarar da jerin tireloli, na fita zan wuce su a giya ta huɗu, totur a ƙasa. Na ji wata 'yar ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, ban kula ba. Kafin in kai kan tirela ta biyu ƙarfi ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe baya, ga kuma tankar mai ta taho ta gaba tana ba ni wuta. Allah ne kawai ya sa direban da ke gefena ya taka birki ya buɗa mini na koma hannuna. A Mokwa muka kwana. Washegari na sa iyali a motar haya, ni kuma na dawo Legas da Passat a bayan babbar mota. Da aka buɗe inji, fistin na uku ya narke ta gefe ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Mene ne aikin ƙwaƙwalwa?

Mai karatu, kada kalmar ta ba ka tsoro. Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, 'yar kwamfuta ce da ke yanke hukunci uku a kowane juyin inji: nawa za a fesa na fetur, yaushe fulogi zai ba da wuta, sannan a mota mai turbo, wane irin matsin iska za a bari ya shiga. Ta cikin Passat ɗin nan kamfanin Bosch ne ya ƙera ta, sunanta Motronic ME7.5.

Fetur yana ƙonewa tas ne idan ya samu iska ninki 14.7 na nauyinsa. Da wannan lissafi mota ke tafiya a gosulo da kuma gudu na hankali. Amma da zarar turbo ya fara dannawa, sai a ƙara mai har lissafin ya sauko zuwa wajen 11.5 ko 12, saboda rarar man ita ke sanyaya kan fistin. Iskar da muke shaƙa a Legas, tunda a bakin teku muke, matsinta kusan bar ɗaya ne. Idan turbo ya ƙara wani bar ɗaya a kai, iskar da ke shiga inji ta kusa ninkawa ke nan, dole man ma ya kusa ninkawa. To idan nozul ya buɗe iyakar buɗewarsa, ko famfon mai ya tsufa, daga ina ƙarin zai fito? Sai wuta ta yi zafi fiye da kima, cakuɗin mai da iska ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali. Wannan fashewa ita ce ƙarar tsakuwa da na ji, kuma ita ce ke kai mutum ga abin da muke cewa inji ya buga.

Injin 1.8 ɗin nan yana da sensa biyu a jikinsa masu sauraren wannan ƙara. Da sun ji ta, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta wutar fulogi don ta ceci fistin. Amma jinkirin yana da iyaka. Kuma wancan laƙwas da motata ta riƙa yi, wanda muka kira taurin kai, ashe gargaɗi ne: ƙwaƙwalwa ta ga matsin da ke shiga ya saɓa da wanda ta nema, ta rage ƙarfi don kare inji. Mu kuma maimakon mu saurare ta, muka rufe mata ido.

Akwai abu guda da yawancinmu ba mu sani ba. Wannan inji fetur mai daraja ta sama kamfani ya ba da shawarar a sa masa, wato mai lambar okten 95 a lissafin Turai. Wanda muke sha a gidajen manmu kuwa lambarsa wajen 90 zuwa 91 take, daidai da wanda Amurkawa ke ɗauka a matsayin gama-gari. Ke nan tun kafin ka taɓa komai, motarka da alfarmar waɗancan sensa biyu take rayuwa. Ka haɗa da zafin ƙasarmu, wanda a Arewa yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, da kuma ɗan ƙaramin abin sanyaya iska da ke maƙale a gefen bamba, wanda in ya daɗe a cunkoson Oshodi shi kansa yake zama murhu. Ba mu manta ba kuma da watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja. A kan irin wannan ƙasa ne mutum zai zaɓi ƙwaƙwalwar da za ta riƙe masa inji.

Hanyoyi huɗu da ke gabanka

Hanya ta farko ita ce ka bar ƙwaƙwalwa yadda take. Idan ba a yi mata wayo ba, galibi ba za ta bari inji ya mutu ba, amma kuma ba za ta ba ka komai ba, domin matsin da ta saba nema shi za ta ci gaba da nema. Ka kashe kuɗi a banza, ƙila ma ka ƙara wa kanka jinkiri, tunda babban turbo ya fi ƙarami nauyin tashi. Idan kuwa aka rufe mata ido kamar yadda aka yi wa tawa, to ka ji ƙarshen labarin.

Hanya ta biyu ita ce abin da nake kira 'yar goyo: ƙaramin akwati da ake haɗawa tsakanin ƙwaƙwalwa da sensoci, yana canza saƙon kafin ya isa. Akwai irinsu e-Manage na kamfanin GReddy na Japan, da Unichip na Afirka ta Kudu. A tsofaffin motocin da ƙwaƙwalwarsu ba ta rubutuwa, wannan dabara ta taimaki mutane da yawa. Amma ainihin aikinta ƙarya ce mai tsari. Idan ka gaya wa ƙwaƙwalwa cewa iskar da ke shiga kaɗan ce don ta rage mai, ita kuma sai ta ɗauka inji ba ya cikin wahala, ta gaggauta wutar fulogi, abin da kake gudu ke nan. Bugu da ƙari, irin ta Bosch ɗin nan tana koyo. Tana duba hayaƙin da ke fita ta salansa tana gyara lissafinta, a hankali ta warware abin da 'yar goyo ta ƙulla.

Hanya ta uku ita ce a sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar asali. Ana jona kwamfuta ta ƙofar nan da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD, wadda doka ta wajabta a kan motocin Amurka tun daga 1996, a sauke jadawalan da ke ciki, a gyara su su dace da sabon turbo da sabon nozul, a mayar. Duk wata kariya da injiniyoyin kamfani suka gina tana nan: sauraren ƙara, rage ƙarfi in an samu matsala, tayarwa da sanyin safiya, riƙe inji in an kunna esi, tsaron mukulli, da magana da giya mai sarrafa kanta ga wanda motarsa otomatik ce.

Hanya ta huɗu ita ce a cire ta asali gaba ɗaya a sa mai cin gashin kanta. Nan ne ake jin sunaye irinsu Haltech da MoTeC na Ostireliya, da Link na Niyuzilan, da kuma masu sauƙin kuɗi irinsu MegaSquirt da Speeduino waɗanda mutum kan iya harhaɗawa da hannunsa. Kayan kirki ne, ba na musu. Sai dai fanko suke zuwa, ko kuma da lissafin da zai tayar da inji kawai. Komai sai an koya musu daga tushe, kuma mai koyarwar yana buƙatar na'urar gwajin ƙarfi da ake ɗora mota a kai, da kwanaki na haƙuri.

Abin da nake gani

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ƙwaƙwalwa mafi kyau ita ce wadda akwai mai iya ta a garin da kake zaune, akwai kuma madadinta a hanyar garinku. Suna da tsada ba su ne ma'auni ba. Ga motar da ake kai yara makaranta da ita, a je kasuwa, a je gida da Sallah, hanya ta uku ita ce daidai, matuƙar ƙwaƙwalwar motarka tana rubutuwa.

Dalilina shi ne, mu mazauna Kudu motarmu rayuwa biyu take yi. Wata goma sha ɗaya tana rarrafe a gosulo da ruwan sama, sannan rana ɗaya a ɗora mata kaya da mutane a ce ta yi tafiyar da ta kai kilomita dubu cikin zafi, tana shan mai a gidajen da ba ka san su ba. Idan ƙwaƙwalwar Bosch ta mutu, kuma tana iya mutuwa, domin a Passat ɗin nan a ƙarƙashin gilashin gaba take, inda ruwa ke taruwa in magudana ta toshe da ganye, za ka samu irinta a Ladipo, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. A daidaita ta da mukullinka, a ɗora fayil ɗinka, ka ci gaba da tafiya. Amma ka tsaya a Mokwa da akwatin da aka yi odarsa daga Ostireliya, wanda aka yanke wayoyin asali aka haɗa shi, wane riwaya ne zai taɓa maka? Baƙo ba ya ɗaukar kayan da ba wanda zai taya shi saukewa.

Na san akwai masu cewa mai cin gashin kanta ta fi ba da 'yanci da ƙarfi. Gaskiya ne, kuma akwai inda ita kaɗai ce mafita: motar wasan tsere ko ta juyi a fili, ko wadda aka sa wa injin wata mota daban, ko wadda wayoyinta suka riga suka ruɓe, ko kuma tsohuwar da aka ƙera ba turbo aka ɗaura mata daga baya. Idan kana da irin wannan mota, kana da wata ta zirga-zirga, kana kuma da ƙwararre a kusa da zai riƙa dubawa, bismillah. Ni dai da wanda motarsa ɗaya nake magana.

Akwai kuma masu cewa to me ya kai mutum canza turbo tun farko? Waɗannan ma ba zan ƙaryata su ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da cika tanki ke yi wa aljihu, kuma doki ba ya gudu sai ya ci. Idan turbonka ya mutu, ba ka kuma da kuɗin yin aikin har ƙarshe, ka nemi irin na asali mai kyau ka huta. Rabin aiki ya fi rashin aiki haɗari.

Kafin ka miƙa mukulli

Sake rubuta ƙwaƙwalwa ma yana da nasa ramin. Akwai masu kwamfuta da yawa yanzu da za su sauko da fayil daga intanet, wanda wani ya rubuta a ƙasar sanyi don fetur mai lamba 98, su ɗora maka cikin minti goma su karɓi kuɗi. Wannan da ɗan famfon makanikena duk kanwar ja ce. Don haka ga abubuwan da zan nema kafin in yarda da kowa.

Na farko, ya tambaye ka wane mai kake sha da kuma inda kake zuwa da motar. Wanda bai yi wannan tambaya ba, bai san aikinsa ba. Na biyu, ya duba lafiyar mota kafin ya taɓa lissafi: fulogi, kwayil, famfon mai, tiyoyin iska ko suna yoyo, da ma'aunin iskar nan da ake kira eyafulo. Lissafi mai kyau a kan sensa mai ƙarya aikin banza ne. Na uku, ya ajiye maka fayil ɗin asali da sabon, ka riƙe su a wayarka da wani wuri daban. Na huɗu, ya fita da kai kan titi da kwamfuta a jone, da tsakar rana ba da asuba ba, ya nuna maka lambobi da idonka. Ga masu Volkswagen da Audi akwai manhajar VCDS: rukuni na 115 yana nuna matsin da aka nema da wanda aka samu, na 031 yana nuna cakuɗin mai da iska, na 020 kuma yana nuna yawan jinkirin da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowace silinda saboda ƙara. Masu sana'ar sukan ce in jinkirin ya haura digiri 6, a sassauta. Na biyar, nozul kada ya riƙa aiki sama da kashi 85 cikin ɗari na lokacinsa. In ya kai nan, a sayi manya a gaya wa ƙwaƙwalwa girmansu. Na ƙarshe, ka ce masa ya bar rara. Doki goma da ka bari a kan tebur su ne za su cece ka ranar da ka sha gurɓataccen mai.

Idan babu ƙwararre a kusa, yanzu ana yin aikin daga nesa: ka naɗi lambobin a kan titi ka aika, shi ya gyara fayil ya turo, a maimaita har ya zauna. Yana ɗaukar lokaci, amma ya fi a yi maka na minti goma. Kada kuma ka manta da kuloci da birki da taya. Ƙarfin da ba ka iya tsayarwa ba naka ba ne.

Kammalawa

Ni dai bayan na sauke wancan inji na sa wani, da K04 ɗin na ci gaba, amma na cire famfon hannu da abin da riwaya ya liƙa, na mayar da bawul ɗin asali, aka rubuta mini lissafi mai sassauci a kan man da muke da shi. Ba ta kai gudun da take yi a makonnin nan na hauka ba, sai dai ta kai mu gida ta dawo da mu shekara da shekaru, har na sayar da ita da ƙafarta.

Shi kuma ƙanen namu, na ce masa ya ajiye turbon a kwalinsa tukuna, ya fara neman mai rubuta ƙwaƙwalwa, ya ji abin da aikin zai ci gaba ɗaya, sannan ya yanke shawara. Ya ce, "Yaya, ai kuɗin sai ya fi na turbon." Na ce ƙwarai kuwa, amma bai kai kuɗin inji da na babbar motar da za ta ɗauko ka daga Mokwa ba, balle abin da kuɗi ba ya saye. Ya yi dariya ya ce zai yi tunani. Ina fatan ya yi.

Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai wani jiƙon, in mai kowa mai komai ya kai mu.